Motocin ƙirar gida da matsalar zafin inji a Kebbi

Lokaci zuwa lokaci akan sami labarin wani matashi a arewacin Najeriya da ya ƙera mota da hannunsa, ya haɗa ta daga ƙarafan da ya sayo wurin 'yan gwangwan, da kuma injin wata tsohuwar mota ko na babur.

Jama'a kan taru a yi kallo, a ɗauki hotuna, yara su bi ta a guje. Abin da ba a cika jin labarinsa ba shi ne yadda tafiyar farko mai nisa kan ƙare: ruwa ya tafasa, tururi ya turnuƙe gaban motar, wani lokaci ma injin ya buga.

Sau da yawa laifin na hanyar da aka tanadar wa zafi ya fita ne, wato lagireto, da kuma na'urar sanyaya baƙin mai a motocin da ke bukatarta.

Matsalar ta fi tsanani a wurare irin su Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi, inda a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyas.

Daga Ingila zuwa Birnin Kebbi

An daɗe ana haɗa mota a gida a wasu ƙasashe. A shekarar 1957 wani injiniya ɗan Birtaniya, Colin Chapman, ya fitar da ƙaramar motarsa Lotus Seven, wadda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mai saye ya je ya haɗa, saboda a lokacin babu harajin saye a kan motar da mutum ya haɗa da kansa. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙirar a 1973, ya ci gaba da yin ta.

Sai dai wanda ya sayi irin wannan, injiniyoyi sun riga sun zaɓar masa lagireton da ya dace da injin. Mai walda a Gwandu ba shi da wannan gata. Injin daga wata mota ya fito, lagireton daga wata, bututun ruwan kuma daga wata ta uku, ko dai daga hannun masu tsofaffin kaya na kusa, ko daga manyan kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

Basira kam akwai ta. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ja hankalin kafofin watsa labarai na duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da injin mota ƙirar Honda Civic.

Haka kuma a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, wadda ba ta da nisa da Kalgo, Jelani Aliyu ya karanci zanen gine-gine a shekarun 1980, kafin ya tafi birnin Detroit na Amurka ya kama aiki da kamfanin General Motors. Shi ne ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, daga bisani kuma ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta Najeriya, NADDC, daga 2017 zuwa 2023.

Akwai abin lura a labarin ita Volt ɗin. Siffar da aka fara nunawa ta burge jama'a, to amma da aka gwada yadda iska ke bi ta jikinta, sai da aka sauya ta sosai kafin a kai ta kasuwa. Motar da aka sayar kuma tana da hanyoyin sanyaya daban-daban: na inji daban, na batir daban, na kayan lantarki daban.

Daga ina zafin yake?

Inji yana tafiya ne ta hanyar ƙona mai. Lita ɗaya ta fetur na ɗauke da zafin da zai iya kai ruwa kimanin lita 100, wato rabin duro, ga tafasa.

Daga cikin wannan, abin da ke zama ƙarfin juya taya bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wani kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa. Ragowar kuma yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma shi ne aikin ruwa da baƙin mai su kwashe.

Famfon ruwa na tura ruwan ta cikin hanyoyin da ke kewaye da silinda, ya ɗauko zafi, ya kai shi lagireto. A can ruwan yana ratsa ƙananan bututu masu siraran fikafikai, iska ta bi ta tsakaninsu ta tafi da zafin, sannan ruwan ya koma. Tun lokacin da Wilhelm Maybach ya sa wa motar Mercedes ta 1901 lagireto mai kama da saƙar zuma, asalin dabarar bai sauya ba.

Ya kamata a bambanta wannan da yadda randa ke sanyaya ruwa. Ita randa tana zufa ne, ruwan na ƙafewa a jikinta. Lagireto a rufe yake, bai kamata ya rage ruwa ba. Don haka motar da sai an ƙara mata ruwa kowace safiya tana yoyo ne a wani wuri, ko da ba a ga inda yake ɗiga ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga mazauna Kebbi shi ne, ƙarfin lagireto ya dogara ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin iskar waje.

A ce ruwan yana digiri 90. A ranar da iska ke digiri 15, kamar yadda aka saba a Ingila, tazarar digiri 75 ce. A ranar Afrilu da iska ta kai digiri 42 a Kalgo, tazarar ta koma 48. Ma'ana, lagireto ɗaya, inji ɗaya, amma ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, tun kafin a yi maganar turɓaya ko kaya.

Wannan ne dalilin da ya sa duk wani tsari da aka kwaikwayo daga ƙasashen sanyi sai an ƙara masa.

Zaɓen lagireto da ɗaura shi

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi amfani da lagireton motar da aka ciro injin daga cikinta, ko wanda ya ɗan fi shi girma. Inda ake samun matsala shi ne idan an riga an ƙera gaban motar siriri don ya yi kyau, sannan aka koma neman lagireton da zai shiga. Kamata ya yi a fara samun lagireton, a gina hancin motar a kansa.

Kanikawa da dama a Najeriya kan ba da shawarar mai layi biyu, wanda suke kira dabul sel. Yana taimakawa, amma ba kamar yadda ake zato ba. Iskar da ta isa layi na biyu ta riga ta ɗauki zafi daga na farko, kuma kaurin yana sa ta wahalar wucewa. Faɗin fuska ya fi kauri amfani, in dai akwai wuri.

Tsofaffin lagiretoci na tagulla, irin na Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, suna da wata fa'ida a karkara: ana iya kwance su a wanke, a like su da dalma. Na yanzu na alminiyam da kawunan roba sun fi sauƙin nauyi, suna kuma aiki sosai, sai dai idan robar ta tsufa ta tsage, sai sauyi. Wanda aka sayo na hannu kuma a toshe bakunansa, a hura masa iska a cikin ruwa a ga ko zai yi kumfa, kafin a biya kuɗi.

Wajen ɗaurawa, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure lagireto kai tsaye a jikin ƙarfen shasi. Shasi na murɗawa a kan hanya, musamman hanyoyin ƙauye da ba su da kwalta, kuma siraran bututun ba sa jure wannan. A zaunar da shi a kan roba sama da ƙasa, yadda zai ɗan motsa. Tsakaninsa da inji ma tiyo mai lanƙwasa ake sawa, domin inji yana girgiza a kan mazauninsa.

Tiyon ƙasa, wanda famfo ke zuƙo ruwa ta cikinsa, yana bukatar ya zama mai ƙarfi. Idan ya yi laushi yakan manne lokacin da aka taka mota sosai, ruwa ya daina wucewa, alhali in aka tsaya aka duba sai a ga kamar lafiyarsa lau.

Sai kuma batun tsayi. Iska kullum tana taruwa ne a wuri mafi tudu. A ƙananan motocin ƙirar gida sau da yawa lagireton na ƙasa da kan inji, don haka iskar takan maƙale a kan injin, daidai inda zafi ya fi yawa. Maganin shi ne ƙaramin tankin ruwa da za a ɗaura sama da komai, murfin ya kasance a kansa, a kuma janyo siririn tiyo zuwa gare shi daga duk wani tudu. Idan injin a baya yake lagireton kuma a gaba, bututun za su yi tsawo, kuma fitar da iska daga cikinsu na bukatar haƙuri.

Hanyar iska

A nan ne akasarin aikin yake, kuma a nan ne aka fi sakaci, wataƙila don ba a ganin iska da ido.

Iska kamar ruwan sama take a gangare, inda ya fi sauƙi take bi. Lagireto kuwa shinge ne a gabanta. Idan akwai giɓi a gefensa ko a samansa ko a ƙarƙashinsa, ta nan za ta zille. Saboda haka tilas a yi mata zaure da falange ko kwano daga hancin motar zuwa fuskar lagireton, a toshe duk wata kafa da soso ko roba. Aikin rabin yini ne ga mai walda, kuma yakan fi sauya lagireto amfani.

Bayan ta shiga kuma sai ta sami mafita. Iskar da ta ɗauki zafi tana buɗewa, don haka ƙofar fita ta fi ta shiga bukatar girma. Motar da aka rufe ɗakin injinta ruf, babu tsaga a gefe ko a saman bonet, iskar farko ce za ta cika wurin ta tare wa ta baya hanya.

Fanka tana da amfani ne a lokacin da mota ke tsaye ko tana tafiya a hankali, kamar ranar kasuwa ko a cikin yashi. Idan gudu ya kai kilomita 60 a awa, iskar hanya ce ke yawancin aikin. Fankar da ke bayan lagireto tana zuƙowa ta fi wadda ke gaba tana turawa, domin ta gaba tana tare wani ɓangare na fuskar. A kuma yi mata kewaye, yadda za ta ja iska ta duk faɗin lagireton. Akwai kuskuren da kan faru da fankar lantarki: idan aka juya wayoyi, sai ta riƙa hura iskar gaba, tana karo da ta hanya. Takarda ɗaya a gaban lagireto ta isa gwaji. In fankar na daidai, za ta manne.

Wannan bambanci na taimakawa wajen gano cuta. Motar da ke zafi a tsaye amma ta huce a kan hanya, matsalar fanka ce. Wadda ke zafi a kan gudu kuwa, a duba girman lagireto, ko toshewarsa, ko hanyar iska.

Tamostat da murfi

Al'ada ce da ta yaɗu a garejojin Najeriya a cire tamostat, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, bisa hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne.

Tamostat ɗan bawul ne da ke rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, sannan ya buɗe. Da ya buɗe, ba ya hana komai. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki da zafi. In ya daɗe a sanyaye yana shan mai, yana kuma saurin cinyewa. Ko a Gwandu, safiyar hunturu na sauka ƙasa da digiri 20. A wasu injinan ma tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe, ta yadda cire shi zai sa wani ɓangare na ruwan ya riƙa zagaye cikin inji bai je lagireto ba.

Gaskiyar da ke cikin maganar kanikawan ita ce, tamostat da ya lalace yakan maƙale a rufe ya dafa inji. Amma gwajinsa ba shi da wuya: a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Shi ma murfin lagireto ba marufi ba ne kawai. Yana riƙe matsin da ke ɗaga ma'aunin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Murfin da robarsa ta mutu, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, ya zubar da wannan rata gaba ɗaya. Kuma saboda wannan matsi ne buɗe murfi da zafi ke ƙona mutane: ruwan da ya haura digiri 100 yana juyewa tururi nan take ya yi tsartuwa. A jira sai tiyon sama ya huce ya yi laushi.

Ruwan rijiya da na burtsatse kan zo da gishirin ƙasa, wanda ke daskarewa a cikin bututu kamar yadda yake yi a gindin butar shayi. An fi son tataccen ruwa a gauraya da ruwan sanyaya inji mai launi. Ko da yake ba a fargabar ƙanƙara a Kebbi, sinadarin yana hana tsatsa da cin alminiyam. Sai dai guba ne mai zaƙi, don haka a nesanta shi da yara da dabbobi. Ƙwai ko garin barkono da wasu direbobi ke zubawa don tsayar da yoyo na iya kai mutum gida, amma suna toshe bututun da ke da lafiya tare da mai hujin.

Shin ana bukatar na'urar sanyaya baƙin mai?

Ba kowace mota ba. Baƙin mai ya fi aiki a tsakanin digiri 90 zuwa 110. Idan ya wuce 120 ya daɗe a can, yakan tsinke ya yi ruwa-ruwa, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe. Idan kuma bai kai 80 ba, damshi da fetur da suka shiga cikinsa ba sa ƙafewa, sai ya yi dagwalo. Hanyar sani ita ce a sa ma'aunin zafin mai, a yi tafiya mai nisa da rana da kaya, a ga abin da ya nuna.

Ita na'urar ƙaramin lagireto ce da mai ke bi ta ciki. Yawanci ana kwance matatar mai, a sa wani faifai mai baki biyu a tsakaninta da inji, mai ya fita ta ɗaya ya dawo ta ɗaya. Faifan da ke da nasa tamostat ya fi, domin ba ya barin mai ya zagaya sai ya yi zafi.

Haɗarin da ke nan ya fi na ruwa. Mai yana tafiya ne da matsin da ya ninka na ruwa sau uku zuwa biyar, ya fi haka ma da sanyin safiya. Tiyon ruwa ko na ban-ruwa ba zai jure ba. Sai na mai, mai faɗin ciki aƙalla rabin inci, da bakuna masu ƙarfi, a nesa da salansa da kaifin ƙarfe. Idan tiyo ya fita, lita huɗun da ke cikin inji za su zube ƙasa cikin ƙasa da minti ɗaya, inji kuma ba ya jira. A tuna kuma da ƙara mai gwargwadon abin da na'urar da tiyonta suka ɗauke.

Idan aka ɗaura ta a gaban lagireto, tana ɗumama iskar da zai sha. In akwai wuri a gefe da tata kafar iska, ya fi. Can ƙasa kusa da hanya kuwa, tsakuwa ce za ta fara samunta.

Injin babur da na ban-ruwa

Da yawa daga ƙananan motocin da matasa ke haɗawa ba su da lagireto ma, domin injin babur ake sa musu, ko injin ban-ruwa, wanda ya wadata a fadamun Kebbi saboda noman shinkafa na rani.

Injin babur iskar hanya ce ke sanyaya shi, kuma an yi shi ne don ya zauna a fili. Idan aka kulle shi cikin bodi aka ɗora masa nauyin mutum uku da ƙarfe, an ƙara masa aiki an kuma hana shi iska, ga shi mansa bai wuce lita ɗaya ba. Misalin da ya kamata a duba yana kan titi: injin Keke Napep a ɓoye yake, shi ya sa aka yi masa fanka da rufin da ke tilasta iska ta bi ta fikafikan silinda. Motar Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975 ma haka take, babu ruwa sam, sai fanka, da na'urar sanyaya mai a cikin rufin fankar.

A irin wannan inji, ƙaramar na'urar sanyaya mai na iya yin tasiri sosai, muddin akwai famfon mai. Ƙananan injinan ban-ruwa na fetur kuwa akasarinsu ba su da shi, wani ɗan cokali ne ke fantsama man, saboda haka babu inda za a haɗa na'urar. Suna zuwa da tasu fanka da rufi, kuma abin da ake bukata shi ne kada a cire rufin, a kuma buɗe musu hanyar shan iska daga waje.

Ko wane iri ne, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa na cika fikafikai, musamman idan mai ya ɗan jiƙa su. Ana wanke su ne daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, domin injin wanki mai matsi yana kwantar da su.

Kafin a fita da sabuwar mota, a tayar da ita a tsaye har fanka ta kama ta kuma tsaya aƙalla sau biyu, a bar ta ta huce, a duba ruwa da mai. Daga nan sai gajerun tafiye-tafiye kusa da gida, da tsakar rana, ana kallon ma'auni. Hawa babban titi, kamar na Kalgo zuwa Birnin Kebbi, yana bukatar rajista da lamba da takardar shaidar lafiyar mota daga jami'an duba ababen hawa, kamar kowace mota.